Labarin "Da A Ce": Sharhi A Kan Masu Sauya 'Yan Takarar Zaɓen Da Ya Wuce

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a majalisun hira na cikin birnin Kano, ko a dakalin ƙofar gida bayan isha'i, ko a rumfunan kasuwar Kurmi idan ciniki ya yi sanyi, ya san akwai wata muhawara da ba ta tsufa. Da zarar an ɗauko zancen siyasa, sai ka ji wani dattijo ya ce da a ce Ɗanmasani NPN ta tsayar a 1979 da ba haka ba. Wani ya ce da Malam Aminu ya ga zaɓen 1983 da ransa da talaka ya huta. Na uku ya ce da ba a hana Shehu Musa 'Yar'aduwa takara ba a 1992 da ba a shiga ruɗanin 12 ga Yuni ba.

To, wannan hira ta fara shigowa cikin rubutu. A labaran da mambobi ke kawowa zaman karatu na ƙungiya, da waɗanda ake aiko wa wannan mujalla, mun ci karo da da dama masu irin wannan jigo, wato marubuci ya koma wani zaɓen shugaban ƙasa da ya wuce, ya cire ɗan takara ɗaya ya sa wani, sannan ya ba da labarin abin da zai biyo baya. Mun yi murna da haka, domin alama ce ta cewa alƙalumanmu sun fara leƙa wasu fagage. Sai dai mafi yawan abin da muka karanta bai wuce mafarkin ido biyu ba. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, marubucin da ya sauya ɗan takara bashi ya ci a wurin tarihi, kuma dole ya biya. Abu ɗaya tak aka yardar masa ya sauya. Sauran al'amura sai ya bar su yadda suke, ya bi sawun abin da sauyin zai haifar, ko da sakamakon bai yi masa daɗi ba.

Ko Ya Dace Mu Yi Irin Wannan Rubutu?

Wasu 'yan uwa sun nuna mana rashin jin daɗinsu tun daga tushe. Hujjarsu ita ce hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, wanda ya yi gargaɗi a kan faɗin "da a ce" bayan abu ya auku, saboda tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amma malamai sun bambance tsakanin mai faɗinta don jayayya da ƙaddara da cizon yatsa, da mai faɗinta don bayani ko koyar da darasi, har Imam Bukhari ya ware babi guda a littafinsa a kan wuraren da faɗinta ya halatta. Wannan bambanci shi ne kuma ma'aunin adabi. Labarin da aka rubuta don a yi kukan abin da ya wuce ba ya ƙara wa kowa komai, domin Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Wanda aka rubuta don mai karatu ya gane dalilan da suka sa abin da ya faru ya faru, shi ne ya cancanci tawada da takarda.

Inda Aka Fito

Cuɗa tarihi da ƙage ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar 1933, ya soma ne da yaƙe-yaƙen gaskiya na zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora da zuwan Turawa. Amma a lura, Bello Kagara bai sauya sakamakon yaƙin ba. Da tarihi ya fi ƙarfin tauraronsa, sai ya ɗauke shi ya kai shi duniyar aljanu ya ci gaba da jaruntaka a can. Marubutan gasar 1980 da na bayansu, irin su Sulaiman Ibrahim Katsina, sun taɓo siyasa da cin hanci, amma a garuruwa da mutane na ƙage. Sauya ainihin abin da ya faru, da sunayen mutane na gaskiya, shi ne sabon abu a wurinmu.

A Amurka kuwa an daɗe ana yi. Misali mafi kusa da batunmu shi ne The Plot Against America na Philip Roth, wanda ya fito a 2004. A zaɓen 1940 na gaskiya, Franklin Roosevelt ya kayar da Wendell Willkie. Roth sai ya cire Willkie ya sa Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin sama wanda ya yi ta yaƙin neman kada Amurka ta shiga yaƙi da Jamus ta Hitila, ya kuma ba shi nasara. Ƙarfin littafin yana ga inda aka tsayar da labarin. Ba a fadar shugaban ƙasa aka zauna ba, a gidan wasu Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi aka zauna, a birnin Newark, ta bakin ƙaramin yaro. Muna ganin zaɓen ya raba gidan: ɗan uwa ya tsallaka Kanada ya shiga soja ya dawo da ƙafa ɗaya, ƙanwar uwa ta auri malamin addinin da ke goyon bayan sabuwar gwamnati, wa da ƙane sun daina jituwa. Rauninsa kuwa yana ƙarshe. Jirgin Lindbergh ya ɓace a 1942, aka yi zaɓen gaggawa, Roosevelt ya dawo, tarihi ya koma kan turbarsa kamar ba a taɓa shi ba. Wato ko gwani irin Roth, da bashin ya yi masa yawa, ta ƙofar baya ya fita. Wannan ya isa ya nuna mana aikin ba na wasa ba ne.

Zaɓen 1979 Da Matsayin Kano

Idan ana neman zaɓen da ya fi dacewa da alƙalamin Bakano, babu kamar na ranar 11 ga Agusta, 1979. Mutum biyar suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari a NPN, Cif Obafemi Awolowo a UPN, Dokta Nnamdi Azikiwe a NPP, Malam Aminu Kano a PRP, da Alhaji Waziri Ibrahim a GNPP. Doka ta ce bai isa mutum ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa, waɗanda a lokacin 19 ne. Shagari ya fi kowa, da ƙuri'a sama da miliyan biyar da rabi, ya kuma sami rubu'i a jihohi 12. Jihar da ta fi kusa ta zama ta 13 ita ce Kano. A nan an jefa ƙuri'a 1,220,763, Shagari ya sami 243,423, wato kashi 19.94 cikin ɗari, yayin da Malam ya kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu.

Daga nan ne aka shiga shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta ne kawai. Awolowo ya ce ba a yanka jiha kamar kabewa. Ranar 26 ga Satumba, 1979, kwana biyar kafin miƙa mulki, Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Da hukunci ya juya, da 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su taru su zaɓa tsakanin Shagari da Awolowo.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Rubu'in 1,220,763 ya ɗan haura 305,000. Abin da ya rage wa NPN ta cika sharaɗi ba tare da gardama ba bai kai ƙuri'a 62,000 ba. Ƙofar labari ke nan a buɗe.

Da A Ce Ɗanmasani Ne

A taron NPN na Legas, a watan Disamba 1978, mutum shida suka nemi tutar jam'iyya: Shagari, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Malam Adamu Ciroma, Dokta Olusola Saraki, Joseph Tarka da Farfesa Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya, Maitama na biyu, Ciroma na uku, ba a kuma je zagaye na biyu ba domin sauran sun janye masa. Saboda haka marubucin da ya ce Ɗanmasanin Kano ne ya sami tutar bai yi nisa da gaskiya ba. Sauyi ne ƙarami wanda hankali zai ɗauka, kuma wannan shi ne sharaɗi na farko.

Dubi abin da sauyin zai haifar. 'Ya'yan birni biyu za su fuskanci juna, ɗaya daga Sudawa ɗaya daga unguwar Yola, dukkansu sun bi ta makarantar Shahuci da Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, dukkansu sun yi koyarwa, dukkansu gwanayen magana ne. Ana lissafa Maitama cikin matasan da suka kafa NEPU a 1950 kafin ya koma NPC, kuma shi ne ya kayar da Malam a zaɓen majalisar tarayya na 1954. Ga tsohuwar sanayya, ga tsohuwar hamayya. Me marubuci ke nema da ya wuce wannan?

Amma a nan ne labaran da muka gani suke tuntuɓe. Suna ɗauka cewa da zarar ɗan Kano ya tsaya, ƙuri'a 62,000 za su zo da ƙafarsu. Akwai abubuwa huɗu da dole a auna. Na farko, nasarar 1954 an same ta ne a zamanin zaɓe na hawa-hawa, lokacin da En'e ke da ƙarfi, alhali a 1979 kowa da ƙuri'arsa a hannu, kuma a shekarar ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Na biyu, zaɓen shugaban ƙasa shi ne na ƙarshe cikin zaɓuɓɓuka biyar da aka fara tun 7 ga Yuli. Kafin a zo kansa PRP ta riga ta lashe kujerun sanata biyar na jihar, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya ci gwamna. Guguwar mabuɗi ta riga ta taso. Na uku, jihar Kano ta 1979 ba cikin badala ta tsaya ba. Ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da duk ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, kuma manomin da haraji da jangali suka dama ba fasahar magana yake zaɓe ba. Na huɗu, abin da aka samu a Kano ana iya rasa shi a wani wuri. Jihar Sakkwato ta ba Shagari kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, kuma tazararsa da Awolowo a duk ƙasa kimanin 770,000 ce. Shin Sakkwatawa za su fito wa Bakano kamar yadda suka fito wa nasu, ko wasu za su karkata ga Waziri Ibrahim?

Ba muna cewa Ɗanmasani ba zai ci ba. Marubuci na da 'yancin ya ba shi nasara ko ya kayar da shi. Abin da muke nema shi ne mai karatu ya ga an bi ta waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake ganuwa aka yi ba.

Masu Naɗa Malam Shugaban Ƙasa

Kashi mafi yawa na labaran da muka karanta Malam Aminu suke ba nasara, a 1979 ko a 1983, bayan sun ɗage rasuwarsa ta 17 ga Afrilu, 1983. Daga shafin da aka rantsar da shi kuwa sai labari ya mutu, domin babu sauran rikici. Abinci ya yi arha, ɓarayin gwamnati sun tuba, asibiti ya cika da magani. Wannan yabo ne, kuma yabo na da fagensa a waƙa, amma ƙagaggen labari ba ya rayuwa sai da ja-in-ja.

Gaskiyar tarihi ta fi wannan armashi. A 1979 jihohi biyu ne kawai, Kano da Kaduna, suka ba Malam rubu'in ƙuri'unsu, don haka sai marubuci ya nuna mana da wa ya ƙulla ƙawance, da kuma abin da ya sadaukar kafin a ƙulla. PRP na da sanata 7 cikin 95, da wakilai 49 cikin 449. Yaya shugaba zai yi mulki da irin wannan majalisa? Amsar tana nan kusa, a Kaduna, inda majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Balarabe Musa, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981. Ita kanta PRP ba ta cika shekara biyu da cin zaɓe ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Sauya shugaban ƙasa ba zai hana farashin man fetur faɗuwa a kasuwar duniya daga 1981 ba, ba zai kawar da Maitatsine daga 'Yan Awaki a Disamba 1980 ba, ba kuma zai kwashe sojojin da suka yi juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 daga barikokinsu ba. Labarin da zai nuna mana mutum mai gaskiya da gudun duniya irin Malam a tsakiyar waɗannan matsaloli, yana zaɓe tsakanin aƙida da zaman lafiyar gwamnatinsa, shi ne zai girmama shi fiye da yabon da babu gwaji a cikinsa.

Darasin 1993

Duk mai ganin ɗan gida ba ya faɗuwa a gida, ya tuna 12 ga Yuni, 1993. NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Usman Tofa, Bakano, kuma marubuci ɗan uwanmu wanda ya bar mana littattafai irin su Tunaninka Kamanninka da Kimiyyar Sararin Samaniya. SDP ta tsayar da Cif Moshood Abiola daga Abekuta. Gwamnan Kano na lokacin, Kabiru Gaya, ɗan NRC ne. Duk da haka alƙaluman da suka fito sun nuna Abiola ya fi Tofa ƙuri'a a jihar Kano. Tsofaffin layukan NEPU da PRP, waɗanda mafi yawansu suka kwarara cikin SDP, sun fi zumuntar gari ƙarfi.

Masu rubuta "da a ce 'Yar'aduwa ne", ko Kingibe, ko Atiku, waɗanda biyun ƙarshe suka kara da Abiola a taron Jos na Maris 1993, suna mance abu ɗaya. Gwamnatin Janar Babangida da ta soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, 1993, ita ce ta soke zaɓen fid da gwani na 1992, ta hana mutum 23 takara, mafi ƙarfinsu kuma 'yan Arewa ne: 'Yar'aduwa, Ciroma da Umaru Shinkafi. Don haka tambayar da labari zai fuskanta ita ce ko masu riƙe da mulki sun shirya saki, ko wane ne ya ci. Marubucin da bai taɓa wannan ba ya sauya mahayi ne ya bar linzami a hannun mai shi.

Taurari Da Sarrafa Harshe

Akwai sauran abubuwa biyu da suka shafi sana'ar rubutun kanta. Na ɗaya, taurari. Kusan duk labaran sun sa manyan 'yan siyasa su ne taurari, ana shiga ɗakunan kwanansu, ana sa musu maganganun da ba su yi ba, wani lokaci har da ƙulla makircin da babu wanda ya taɓa jingina musu. Mu tuna waɗannan bayin Allah sun riga mu gidan gaskiya: Ɗanmasani a 2017, Shagari a 2018, Tofa a 2022. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, muna haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure. Mafita ta adabi da ta ladabi ɗaya ce, wato a bar manya a nesa, a ji muryarsu a rediyo ko a hango su a kan dandamali, a kawo labarin cikin gida na ƙage. A ɗauki gida ɗaya a Mandawari ko Marmara. Maigida bafade ne, babban ɗansa marini a Ƙofar Mata ɗan a-mutun Malam, uwargida kuma 'yar unguwar Yola ce, za ta jefa ƙuri'arta ta farko a duniya, ga umarnin miji, ga roƙon ɗa, ga ɗan unguwarsu a takara. Wannan ƙuri'a ɗaya ta isa ta ɗauki littafi. Muna kuma ba da shawarar a yi koyi da Roth, wanda ya sa taƙaitaccen tarihin gaskiya na mutanen a ƙarshen littafinsa, domin yaran da ba su ga zamanin ba kada su ɗauki ƙage a matsayin tarihi.

Na biyu, harshe da kayan zamani. Mun ga labarin 1979 da aka ce an kira wani a wayar hannu, da wanda aka ce INEC ta sanar da sakamako, alhali FEDECO ce a 1979, NEC kuma a 1993. Mun ga inda aka sa doki da mikiya, alamomin SDP da NRC, a zamanin mabuɗi da gida da masara. Irin waɗannan ƙananan kurakurai su ne ke sa dattijon da ya ga jiya ya ajiye littafi tun shafi na uku. Maganinsu na nan kusa: tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da takardun da ke Gidan Mambayya a Gwammaja, da kuma dattawan unguwa waɗanda suka yi wakilcin akwati da kansu. Lokaci kuwa ba ya jira, domin kullum raguwa suke yi.

Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa labarin "da a ce" fage ne mai albarka, kuma birnin Kano ya fi ko'ina dacewa da shi, tun da ƙuri'unsa ne suka kai zaɓen 1979 gaban Kotun Ƙoli, ɗansa kuma ya tsaya a na 1993. Sharuɗɗan da muka kawo su ne a sauya abu ɗaya wanda zai iya yiwuwa, a bar sauran tarihi a matsayinsa, a bi sakamakon har ƙarshe ba tare da son rai ba, a ɗora labarin a kan talakawa na ƙage, a kuma yi bincike kafin a ɗauki alƙalami. 'Yan uwan da muka mayar wa rubutunsu kada su karaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai raddi, musamman dattawanmu da suka ga waɗannan zaɓuɓɓuka da idonsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.